Man da Ya Ƙi Cin Wuta

A shekarar fari ta biyu, lokacin da muka koma cin dusa da tafasa, Muntaka ya dawo ƙauye daga Kano. Kamfanin da ke ɗura iskar walda ya sallame su. Ya zo da tsohon injin niƙa da galan ɗaya na man da suke zuba wa injinansu a can. Fari ne tas, ba wari, ga nauyi. In ka ɗiga shi a ruwa sai ya nutse ya kwanta.

Ranar kasuwar Tsanyawa da hantsi aka kama Nababa a bayan rumbun Tasi'u, da geron iri cikin hularsa. Kafin a jawo shi bakin injin Muntaka an fasa masa kai da ƙotar fartanya. Haƙoransa biyu suka zube a turɓaya, kaza ta zo tana tsattsaga.

"Irin da zan shuka ka ci, ɗan banza?" Tasi'u ya ce, ya taka masa hannu har ƙashi ya yi ƙara. "A ƙone shi."

Kananzir ya yi wata uku bai shigo garin ba. Tasi'u ya kutsa rumfar inji ya ɗauko galan ɗin, ya juye wa Nababa tun daga ka. Man ya bi ta kan jinin yana sheƙi, ko kaɗan ba su gauraya ba.

Tasi'u ya ƙyasta ashana ya jefa, ta mutu. Ta biyu ma haka. Aka kawo bakin wuta daga murhun mai ƙosai aka dangwala masa a kafaɗa. Nababa ya kurma ihu, fata ta tashi, amma man ko hayaƙi bai yi ba.

Tasi'u ya juya. "Malam Muntaka, ruwa ka ajiye a galan?"

Muntaka ya san man ba ya cin wuta. Shi ya sa kamfani ke amfani da shi. Ya dubi Nababa, ya dubi taɓaryar da ke hannun wani.

"Wannan man? A gabana ya cinye mutum biyu a Kano. In ya ƙi kama shi, to ba ni a ciki. Ku ji da Allah."

Aka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Tasi'u ya tattara geronsa daga ƙasa.

Barira, matar Nababa, ta zo ɗaukar mijinta. Duk inda ta kama sai ya sulluɓe. A ƙarshe zani ta shimfiɗa, ita da Muntaka suka mirgina shi a kai, suka ja shi gida.