Hukuncin da Janar Thorley Ya Soke

Hannuna dumu-dumu da kwaɓin burodi Tirza 'yar maƙwabcinmu ta faɗo mini kicin.

"Gwaggo Hulda, Baba ya ce ki zo yanzu. Wai shaida yake nema."

"Wasiyya zai yi?"

"Oho. Ya dai sa na ciro masa rigar alƙalanci daga akwati."

Shekara talatin muna katanga ɗaya da Janar Jabez Thorley a nan Vermont ta ƙasar Amurka. Shi ya ja mazan garinmu yaƙin da muka kori sojojin Sarkin Ingila, ya je majalisa sau uku, daga baya ya hau kujerar alƙali har sai da kunnensa ya yi nauyi. Da kakar nan ya kwanta, likita ya ce ba zai ga saukar ƙanƙara ba.

Na same shi jingine da matasai, baƙar rigar ta yi masa yawa. A bakin ƙofa Levi Pruett mai niƙa yana tsaye yana murza hularsa, garin alkama har a girarsa. Shekara goma sha biyu ke nan Levi yana neman auren Tirza, Janar yana hanawa, saboda uban Levi a ɓangaren Sarki ya yi yaƙi.

"Matso, ɗan bawan Sarki, ba na ji sosai," in ji Janar. "Har yanzu kana son 'yar nan tawa? Duba da kyau, ta fara furfura."

"Ni ma na fara, ranka ya daɗe. A ƙofar gidanka na yi ta."

Janar ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ubanka ne ya harbe ni a cinya. Da ya iya saiti, da babu Tirzar ma. To, ku saurara. Duk shari'ar da na yi sai na ji ta bakin kowa, ban da taku. Na soke hukuncin."

Na zaci Tirza za ta yi murna. Sai ta zauna a bakin gado, fuska a ɗaure.

"Shekara goma sha biyu, Baba."

"Na sani, uwata." Ya daɗe yana kallon hannuwansa. "Ba don uban Levi ba ne. Tsoro nake ji ki tafi ki bar ni ni kaɗai a gidan nan."

"Kai da ka tari igwa?"

"Igwa sau ɗaya take tashi a wuce wurin."

Ta gyara masa wuyan rigar, ta ce to ya yi sauri kafin ya sake shawara. Shi da kansa ya ɗaura auren, da muryar da yake cika kotu da ita. Na sa hannu a takarda, ni da mijina Enok.

Kwana tara ya ƙara. Tsofaffin sojojinsa huɗu da suka rage suka riƙa zuwa kullum da hantsi, su sha ruwan tuffa, su yi ta gardamar wanda ya fara gudu ranar da aka yi musu kwanton ɓauna. Janar ya ce dukkansu ne, shi kuma yana gaba. Levi ne mai juya shi a gado, yana yi ana tsokanarsa.

Ranar Alhamis da safe ya sha rabin kwanon fate, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya nemi a buɗe taga. Kafin Tirza ta juyo ya cika.

Bayan jana'iza da kwana biyu na fita shanya. Ta saman katanga na hango su a bayan gida suna tonon dankali. Tirza tana nuna wurin da ƙafa, Levi yana haƙawa, ita kuma tana bin sa tana tarawa a haɓar rigarta.