Gyara Arba'in da Ɗaya Zuwa Yamai

Kabo ya shekara ashirin yana rubuta wa ordinatar, wato kwamfuta, umarni. Ran nan kamiyo goma sha biyu na kamfaninsu, manyan motocin kaya, suna jere a bakin gadar Gaya, kan iyakar Nijar da Benin, kuma ba mai tsallakawa sai sabon tsarin buga takardu ya isa babbar ma'ajiyar Yamai kafin azahar.

Shi da Zalika, abokiyar aikinsa, da manhajar Git suke aiki, kowa da cikakken kwafinsa na tsarin. Ma'ajiyar Yamai kuwa tsohuwar manhajar SVN ce, ɗaya-ɗaya take karɓar gyara. Nasu arba'in da ɗaya ne. Sha tara sun wuce, sai wayar da ke ba su intanet ta saki rezon Nijar ta kama na Benin, komai ya tsaya.

"Rabi can, rabi nan," in ji Zalika. "In suka buga takarda haka, mun shiga uku."

"Kar ki taɓa komai!"

Ya jawo abin da ya riga ya isa Yamai, ya jera sauran a kansa, gumi na bin gemunsa. Sannan ya fita da wayar, ya hau bulo, ya juya wa kogin da ya raba su da Benin baya, hannu a sama. Da furfurarsa da takardun makarantarsa, yau dai eriya ya zama.

Zalika ta shiga ƙirga masa gyaran da ke wucewa: "Ashirin da shida, Malam Kabo! Kar ka motsa!"

Wani direba ya tambaye shi ko lafiya, shi kuwa ya ƙara ɗaga wayar sama. Kafaɗarsa ta mutu tun a talatin, amma bai sauke hannu ba sai da Zalika ta kira arba'in da ɗaya.