Gefen Ƙaya

"Ƙafafun baya za ki kama, A-so, ba cikin ba. Cikin yana yi masa ciwo."

"To ka zo ka kama mana, tun da kai ka haife shi."

Tiam-hok bai zo ba. Yana tsaye jikin katangarsa ta duwatsun teku, ya dafa ta da hannu ɗaya, yana ba ni umarni kamar har yanzu a jirgin kamun kifi yake. Na riƙe numfashi, na ciccibi tsohon karen na ɗora shi a bayan babur ɗina mai ƙafa uku, inda nake jera kwandunan 'ya'yan murtsunguwa. Bai yi nauyin da na zata ba, ƙashi ne kawai da gashi.

A-so yake kirana, wato matar yaya, don marigayi mijina ya girme shi da wata biyu kacal, kuma a jirgi ɗaya suka ƙare ƙuruciyarsu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, a ƙauyenmu na bakin teku a tsibiran Penghu. Karen kuwa sunansa Gyaɗa, kuma shekara goma sha biyar muna gaba da shi. Tun yana ɗan kwikwiyo ya haura ya cinye mini busasshen kifi faranti guda, ni kuma ban iya mantuwa ba. Ba na son kare, kowa a unguwar ya sani.

"Me ya sami naka babur ɗin?" na tambaye shi.

"Ya lalace."

"Jiya na ji ƙararsa."

"To yau ya lalace. Mu je, A-so, kafin rana ta yi zafi."

Ya hau baya kusa da karen, muka kama hanyar tudu. Lambun murtsunguwa yana can saman ƙauyen, kuma duk ranar Alhamis sai su biyun sun je. A nan ya yi aikin gadi bayan ya bar teku, a nan kuma ya tsinci karen ƙarƙashin wata murtsunguwa, hancinsa cike da ƙaya. Ni ban taɓa shiga ba. Shekara arba'in ina tsinko 'ya'yan abin nan a gangaren teku, ina matse ruwansu ina sayar wa masu yin ƙanƙara, sai kuma in je in tsaya ina kallonsa a jere cikin tukwane? Hannuwana sun gan shi ya ishe su.

Amma lambun ya ba ni mamaki, ba zan ɓoye ba. Akwai waɗansu ƙulu-ƙulu kamar kabewa masu ƙaya rawaya, akwai dogaye da suka fi ni tsayi, akwai wata mai farin gashi da Tiam-hok ya ce da ni take kama. Can gefe kuma ga ƙanana masu kaurin ganye, ba ƙaya, sun kwanta kan tsakuwa.

"Riƙe," ya ce, ya miƙo mini igiyar.

"Ba a ɗauke ni aikin nan ba."

"Takalmina zan gyara."

Takalmin roba ne, babu abin gyarawa a jikinsa. Na karɓa don kada mu yi abin kallo. Karen ya tako a hankali, idanunsa sun yi fari fat, yana bin hanya da hanci.

"Ba nan ba," in ji Tiam-hok. "Ki koma ta hagu. Ba ya gani, sai ya kutsa kansa ciki. Ke za ki bi gefen ƙaya, shi ya bi tsakiya."

"Au, ni ce zan sha ƙaya saboda kare?"

"Fatarki ta saba. Tasa ba ta saba ba."

Haka ya yi ta yi mini karatu. A nan yake tsayawa ya yi fitsari, kada a ja shi. Ruwa a tafin hannu ake ba shi, don kwano yana ba shi tsoro tun da ya makance. In an gama zagaye a duba ƙafafunsa huɗu, ga hantsaki nan ɗaure a jikin igiyar. Na ce masa ni ba makaranta na zo ba. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har sai da ya zauna kan bencin da ke gaban babbar kabewar nan mai ƙaya. Da ya janye hankicinsa daga baki na ga ja a jiki.

"Mene ne wannan?"

Ya buɗe ɗayan hannun ya nuna mini ɓawo. Ashe tun a ƙofa ya tsinki 'ya'yan murtsunguwa biyu yana ci, leɓunansa duk sun rine.

"Kayan sana'arki ne. Ko kin daina gane su?"

Na yi tsaki na kau da kai. Duk wanda ya ci abin nan sai bakinsa ya koma kamar an naushe shi, yaran ƙauyenmu ma da shi suke tsorata uwayensu.

Da la'asar ina wanke bayan babur don in kawar da warin kare, sai na tsinci hankicin, ya faɗi tsakanin kwanduna. Ya bushe. Na baza shi a rana na duba. Ruwan murtsunguwa in ya bushe, jansa mai haske ne da sirkin shuɗi, haka yake a kowane zane da na mallaka. Wannan akwai shi a gefe-gefe. Amma na tsakiyar ya koma ruwan ƙasa, ya yi tauri. Kowa a duniya zai iya ruɗuwa, ban da ni.

Ban ko cire safar hannu ba na zagaya gidansa. Babur ɗinsa yana nan lafiya lau. Shi kuma yana zaune a tsakar gida yana murmushe wa karen dafaffen kifi cikin shinkafa. Na jefa masa hankicin a cinya.

"Ni za ka yi wa wannan wasan? Ni?"

Ya dube shi. "Na manta ke ce," ya ce.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin zafi ya shigo. Likitan birnin Magong ya ce ciwon huhu ne. Ya ce ƙila in ga bikin wata na lokacin kaka, ƙila kada in gani."

"Bun-liong ya sani?"

Bun-liong shi ne ɗansa tilo, yana aiki can ƙetaren teku a birnin Kaohsiung, sau biyu yake zuwa a shekara.

"In na gaya masa zai zo ya kwashe ni. Gidansa hawa na goma sha ɗaya, A-so, ba a yarda da kare ba. Zai kira masu kwashe karnuka. Wa zai je can ya zaɓi makahon kare ɗan shekara goma sha biyar? A keji zai mutu, yana jiran in dawo."

"Shi ya sa babur ɗinka ya lalace."

"Shi ya sa."

Raina ya ɓaci, kuma tausayi ya kama ni, na rasa wanne zan fara da shi. Na zaɓi ɓacin rai, shi na fi iyawa.

"Kai ko kunya ba ka ji? Kana mutuwa, ɗanka bai sani ba, kai ta kare kake yi?"

"Bun-liong yana da mata da 'ya'ya. Wannan ni kaɗai gare shi." Ya ɗago kai. "Za ki ɗauke shi?"

"Ba na son kare."

"Na sani. Ba so na tambaye ki ba."

"Kira ɗanka yanzu ina tsaye, ko in kira shi da kaina."

Ya kira. Na tsaya har na ji muryar yaron ta karye a waya, sannan na fita. Tambayar tasa kuwa ban amsa ba, kuma bai sake yi ba.

Bun-liong ya zo, suka yi ta ja-in-ja kwana uku, uban ya ƙi tafiya. Ɗan ya koma bakin aiki, ya bar mini lambar wayarsa. Alhamis biyar muka ƙara zuwa lambun. Kullum ina cewa wannan ce ta ƙarshe, kullum ina samun kaina a ƙofarsa da safe, da kunun dankali a kwano, ina faɗan bai shirya ba. Na koyi ciccibar karen ba tare da ya yi ƙara ba. Na bar shi ya sha ruwa a tafin hannuna, bayan nan na wanke hannun sau uku da sabulu, Tiam-hok yana kallona yana murmushi.

A ta biyar ɗin ko ƙofar lambun bai iya wucewa da ƙafarsa ba, sai da na riƙe shi har benci.

"Ku zagaya," ya ce. "Ina nan."

Na ja igiya, karen ya ƙi motsi. Ya kwanta ya ɗora haɓarsa kan takalmin maigidansa.

"Gyaɗa, tashi."

Ko kunne bai kaɗa ba. Sai Tiam-hok ya janye ƙafarsa, ya tattara sauran ƙarfin da ya rage masa ya daka tsawa irin wadda ban taɓa jin ya yi wa karen ba. "Tashi ka bi ta, na ce!"

Karen ya miƙe yana rawar jiki, ya biyo ni. Taku goma sai ya tsaya ya juya hanci baya. Ni ma na waiga. Tiam-hok ya rufe fuskarsa da hularsa, kafaɗunsa suna motsi. Na yi kamar ban gani ba, muka ci gaba, ina share tawa fuskar da hannun riga.

Ranar Asabar aka kai shi asibiti. Ya yi kwana tara. Ni ke kai wa karen abinci a tsakar gidansu, ina gaya wa kaina wannan haƙƙin maƙwabtaka ne kawai.

Da hantsin rana ta goma motar asibiti ta dawo da shi, don ya cika a gidansa kamar yadda ake yi. Aka shimfiɗa shi a babban ɗaki, gaban hotunan kakanninsa. Karen ya ji ƙanshinsa, ya taso yana karo da kujeru, ya sami hannun da ke lilo gefen gado ya cusa kansa ƙarƙashi. Ba a yi minti biyu ba sai ga yayar Tiam-hok, tsohuwa mai shekara tamanin, ta ɗaga sanda.

"Ku fitar da dabbar nan! Ba a barin dabba kusa da gawa, kun manta ne?"

"Bai zama gawa ba tukuna," na ce.

"Saura kaɗan. A fitar da shi."

Bun-liong ya ɗaura wa karen igiya ya ja shi waje, idanunsa jajir. Na bi shi.

"Inna Siu-goat," ya ce mini a ƙofa, "na yi magana da masu kula da karnuka. Gobe za su aiko mota. Ba ni da yadda zan yi."

"Ba ni igiyar."

"Inna, ai ke ba kya..."

"Na san abin da ba na so, ba sai ka tuna mini ba. Ba ni."

Na kai karen gidana na ɗaure shi a inuwa. Sannan na dawo da sauri, har takalmina ɗaya ya fita a hanya ban tsaya ba, don sai a lokacin tsoro ya kama ni: wata biyu mutumin nan yana jiran kalma ɗaya daga bakina, ni kuma ina ta jan aji. Na ture tsohuwar gefe, na durƙusa na sa bakina a kunnensa.

"Tiam-hok. Gyaɗa yana gidana. Na ɗauke shi, ka ji? Nawa ne yanzu. Ba inda za shi."

Ban ga alamar ya ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, har mutanen ɗakin suka juyo. Sai leɓunansa suka motsa. Na ƙara matsawa.

"Kifinki," ya ce, da ƙyar. "Gishiri... ya yi yawa. Ki jiƙa masa."

"Kana kan hanya ma sai ka kushe mini girki?"

Na rantse gefen bakinsa ya ɗan ɗaga. Bai ƙara magana ba. Kafin rana ta take ya cika, ɗansa yana riƙe da hannunsa. Ta bayan katanga muna jin kukan karen, siriri, bai daina ba sai yamma.

Na manna jan takarda a ƙofata kamar sauran maƙwabta, don kare gida daga sharrin mutuwa. Kwanakin makoki ina zuwa in naɗe furannin takarda da ake ƙona wa mamaci tare da mata, in dawo in jiƙa kifi. Kwana huɗu karen bai ci ba. Ranar ta biyar ya ci daga hannuna.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan jana'iza na ciccibe shi na ɗora a babur. Iskar sanyi ta fara tasowa daga teku, lambun ba kowa sai matar da ke tsaron ƙofa, wadda ta dube mu ta sunkuyar da kai. Muka zagaya a hankali. Ya tsaya inda yake tsayawa, ban ja shi ba. Da muka iso bencin ya shinshina ƙasa, ya zagaya sau biyu, ya kwanta inda takalman suke zama.

Na zauna, na kunce hantsakin daga jikin igiya, na duba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Babu ƙaya ko ɗaya. Sai na naɗe ƙafar wandona ta hagu, na shiga cire nawa, guda bakwai, ina jera su kan benci. Ina cikin haka na ji nauyin haɓarsa ya sauka kan ɗaya ƙafar tawa, na bar ta inda take.