Ƙullutun da Sanda Ke Jira

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ƙaramin asibitin fata da ke bayan Dayi, har bakina ya gaji da maimaita bayani ɗaya. A daminar 1985 aka kawo mini Sanda, wani manomin auduga daga wajen Musawa, da farin tabo a kafaɗa wanda ko an tsira masa allura ba ya ji. Na jawo kujera na sake farawa.

"Malam Sanda, ƙwayar kuturta tana da rigar maiƙo, kamar kakin zuma. A jikinka akwai 'yan sintiri. In sun kama ta sai su yagi ɗan maiƙon su ɗaga shi sama, su nuna wa mayaƙan jini don su gane ta. Zan sa maka matacciyar ƙwayar a ƙarƙashin fata. In mayaƙanka sun gane ta, bayan mako huɗu ƙullutu mai tauri zai fito."

"In ya fito fa, Malama Salome?"

"Maganin wata shida, ka gama. In bai fito ba, shekara biyu, har da ƙwayar maganin nan mai rina fata."

Ita ce kowa ke tsoro. Takan duhunta mutum har duk wanda ya gan shi a kasuwa ya san abin da yake ɓoyewa.

Mako huɗu cif ya dawo, yana ta fara'a. Tun kafin ya zauna ya naɗe hannun riga. Na ga kumburi kewayayye, da 'yan tsage-tsage a tsakiya. Ko daga bakin ƙofa na san aikin wanzami.

"Wa ya yi maka ƙaho a nan?"

"Inna ce ta ce tunda abin ya maƙale ya ƙi fitowa, a jawo shi. Ai ba abin da ƙaho ba ya jawowa."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ji ba ni da ƙarfin yi. Me zan ce wa tsohuwar da ta yi iyakar abin da ta sani? Na danna wurin da yatsa. Taushi kawai, jini ne ya taru. Inda na sa allurar kuwa shafe yake, mayaƙansa ba su gane komai ba.

"Ya isa, ko a ƙara?" ya tambaye ni.

"Bai fito ba, Malam Sanda. Shekara biyu ce."

Ya daɗe yana kallon bayan hannunsa.

"Yaushe zai fara nunawa?"

"Kafin a tsinci auduga."

Na miƙa masa ƙwayar maganin da moɗar ruwa. Ya juya ta a tafinsa.

"Mu huɗu ne da 'yan'uwana," ya ce a hankali, "tun muna yara akushi ɗaya muke ci."

Sannan ya haɗiye.