Mutumin Hawa na Takwas

Shekarata goma sha ɗaya ina kula da gine-gine a birnin Suceava, kuma babu watan da na tsana kamar Maris. Da ƙanƙara ta fara narkewa, duk ɓarnar da ta lulluɓe tun Disamba sai ta fito fili. A wannan shekarar, benen da ke kusa da tasha ne ya fi shan wuya: indararo biyu sun tsage, dakalin kantin magani ya fashe, ruwa kuma ya bi ta rufi ya ƙone injin lif, na'urar hawa bene, tun tsakiyar Janairu.

Maigidan kamfaninmu ya miƙo mini jerin aiki. Shagunan ƙasa ne a farko, don masu su ke damunsa da waya safe da yamma. Lif yana can ƙarshen takarda.

"Kayan gyaransa sai Mayu, Viorica," ya ce. "Kar ki sake tayar mini da zancen."

Ranar Talata na hau duba rufi tare da Gavril da Titi, masu yi mana gyare-gyare. Da za mu sauko, na ƙwanƙwasa ƙofar da ke hawa na takwas don in ga silin. An daɗe kafin a buɗe. Baba Ilarie ne, tsohon direban jirgin ƙasa, dogare da sanduna biyu. Silin ɗakinsa ya yi ciki, yana ɗiga cikin tukwane. Gadonsa ya koma kicin.

"Baba, yaushe rabonka da sauka?"

"Ranar da lif ya mutu. Kin fi ni sanin kwanan watan, 'yata, ke kika manna takardar."

Ni na manna ta kuwa. Na rubuta ana ba da haƙuri, na sa hannu, na wuce. Ban taɓa tsayawa na tuna wa ke zaune a sama ba.

Burodi da madara wata maƙwabciya ke ajiye masa a bakin ƙofa. Ba wannan ne damuwarsa ba. Matarsa Paraschiva tana gidan kula da tsofaffi a ƙetaren kogi, tunaninta ya fara gushewa, kuma duk Lahadi yakan je ya zauna da ita. Sati tara ke nan bai je ba.

"A waya ba ta gane muryata," ya ce. "Sai ta ga fuska."

Na fita bakin matakala na kira maigida. Bai bari na ƙarasa ba.

"Ma'aikatanmu ba masu ɗaukar mutane ba ne. In ya suɓuce musu ya karye, ke za ki amsa, ba ni ba."

Na tsaya da waya a hannu. In na bi maganarsa, tsohon nan zai ƙara wata biyu a rufe. In na ƙi, aikina ne a bakin ƙofa, ga mahaifiyata a gida ni kaɗai gare ta.

Gavril ya yi gyaran murya. "Uwar ɗakina, bara daga nan muka sauko da firji. Baban nan bai kai rabinsa ba."

"Firjin dai bai zagi kowa ba," in ji Titi.

"Zan zage ka in ka karkata ni, mai ƙafar tabarya!" Baba Ilarie ya faɗa daga ciki. Ashe har ya fara laluben hularsa.

Muka ɗaure shi a kujerar kicin da igiyar aiki. Gavril a ƙasa, Titi a sama, ni ina gaba ina kawar da kekuna da tukwanen fure. A hawa na biyar zagin ya ƙare, ya rufe ido ya ƙanƙame kujera. Mutane suna buɗe ƙofa su leƙo, su sunkuyar da kai su koma. Da muka fito waje ya ce a ajiye shi tukuna. Ya zauna cikin caɓalin ƙanƙara, rana na dukan fuskarsa.

A motar kamfani na kai shi. Paraschiva tana zaune bakin taga, an rufa mata bargo a gwiwa. Ta dube shi da fara'a.

"Kai ne mai gyaran famfo? Tun jiya yake zuba."

"Ni ne," ya ce. Ya ja kujera ya kama hannunta, ta bar masa. Rabin awa suka yi a haka.

A hanyar dawowa ya yi magana sau ɗaya kawai. "A Janairu ta san ni."

Hawa ya fi sauka azaba. A hawa na shida Gavril ya yi ƙara ya durƙusa, bayansa ya riƙe. Ni da wani maƙwabci muka kama, muka ƙarasa da ƙyar. Likita ya ba Gavril hutun sati uku, maigida kuma ya ba ni takardar gargaɗi, ya karɓe makullin mota.

Ranar Asabar na hau da kaina don in gaya wa Baba Ilarie babu mai sauko da shi, kar ya shirya gobe ya yi ta jira. Na same shi ya yi aski, ya goge takalmi. Ya saurare ni har na gama.

"Yaya bayan yaron?"

"Da sauƙi, Baba."

"A gaishe shi. Ba laifinki ba ne duka, 'yata." Na juya zan ja ƙofa, ya ɗaga sanda. "Bar ta a buɗe. Ina son in riƙa jin ƙafafun mutane."