Indararon Baba Manu

"Malam, kai ni bakin bango in gani da idona," in ji Baba Manu.

Na riƙe hannunsa muka fito tsakar gida. Wata biyu ke nan yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Maƙwabcina ne, magini, ya shekara arba'in yana jera azara a Talata Mafara kafin kwano ya karɓe aikin.

A jikin gidansa Alhaji Lawali mai shanu yake gina benen haya. An yi wa benen zankaye da zane irin na soron da, amma rufin kwano ne, an ɓoye shi bayan bango. Baba ya daɗe yana kallon sama, sannan ya nuna indararon benen. Bakinsa na daidai kan ɗakin matarsa Inna Habiba, ɗakin ƙasa da ya gina mata da hannunsa.

Na kira Sharhabilu, kafintan da ke aikin benen, ya sauko daga tsani ya durƙusa. Suka gaisa har suka kai kan jiki.

"Ɗana, rufin ƙasa a hankali yake sakin ruwa. Kwano ba ya da haƙuri. Ruwan wanga bene duka nan za ya zubo. Damina ɗaya, ɗakin ga ya zauna."

"Baba, haka injiniya ya zana. Ya ce nan ya fi kyan gani."

"Injiniyan a ɗakin ga yake kwana?"

Sharhabilu ya yi dariya. Inna Habiba ta leƙo daga madafa. "Kai dai koma ka kwanta. Rufin wani ya hana ka shan kunu."

"Ni ba ni ganin damina, Habiba. Ke za ki gan ta."

Can Sharhabilu ya ce sai an ɗaga kwano an juya gangaren, kuma sai da izinin mai gini.

Sau biyu ina zuwa wajen Alhaji bayan an tashi makaranta. Na farko yana kasuwar Maradun, na biyu ya ce zai duba. Kullum da la'asar Baba yakan tambaye ni, "Sun taɓa?" In ce, "Tukuna." Na so in ce masa an gyara, amma ya fi ni sanin ƙarar guduma.

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi. A wajen zaman makoki na ga Sharhabilu ya matsa kusa da Alhaji yana magana ƙasa-ƙasa, yana nuna ɗakin. Alhaji ya ɗaga kai, ya daɗe bai sauke ba.

Bayan addu'ar uku muka ji guduma a sama.

Ruwan farko ya sauka ina kai wa Inna Habiba hatsi. Na same ta tsaye a ƙofar ɗakinta, cikin takaba. Kwanon benen na ta ruri, ruwan yana kwarara ta can baya, cikin lambatun titi. Tsohon indararon kuwa a bushe yake, wata kurciya ta fake a bakinsa.