Ƙarfen da Asta Ta Ɗauka

Nata'ala mai gyara ya riga ya farke cikin kwamfutar lokacin da Asta ta yi sallama a ƙofar shagon. Shekaranjiya ta fita takaba. Tun da safe ta baro Dugabau ta zo Gwarzo, don ta ji labarin yau za a taɓa na'urar mijinta.

Musbahu, ƙanen marigayin, wanda shagon ya faɗo a rabonsa na gado, ya miƙo mata kujerar roba. Ta ja ta can bakin ƙofa ta zauna, don ba ta saba kutsawa cikin maza ba. Suka gaisa, ya sake yi mata ya haƙuri, ta ce da godiya.

"Na aiko maka sau biyu," in ji ta. "Na ce a jira ni."

"Ai ga shi an jira, Yaya Asta. Wata huɗu ba kwana huɗu ba ne."

Abin da ya kawo ta ba ɓoyayye ba ne. Shekarun baya, lokacin da wa'azi ya yi zafi a kan hotuna, mijinta Malam Zainulabidin ya dawo daga masallaci ya sauke duk wani hoto da ke bangon ɗakinta. Na aurensu, na sunan 'yarsu Mansura, da wanda ta yi da kayan islamiyya wata biyu kafin sanƙarau ya ɗauke ta. Asta ta yi kuka. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ya kai su shago ya zuba su cikin kwamfuta, sannan ya ƙone takardun a bayan gida. Duk lokacin da kewa ta dame ta, sai ya kawo ta shagon ranar Juma'a da yamma, ya buɗe mata ta kalla. Yanzu babu shi, babu Mansura, fuskokinsu kuwa suna wuri ɗaya tak a duniya.

"Yi mata bayani," Musbahu ya ce da mai gyaran. "Ni in na faɗa sai a ce mugunta ce."

Nata'ala ya share gumi. "Hajiya, tsohuwar na'urar janareto ya ƙone ta. Rumbunta ne kaɗai ya tsira, inda ake ajiye komai." Ya yi nuni da sukundireba wajen tebur, inda wasu ƙarafa biyu masu kama da ƙaramin akwati suke ajiye cikin tarin wayoyi. "An sayo wata na'urar, amma ba ta zo da rumbu ba. To ita sabuwar akwai wani abu a kanta da ake kira bayos, shi ne yake fara farkawa ya duba rumbu. Ya duba wannan ya ce bai san tsarinsa ba. Sai an share shi tas, an ba Windo, manhajar da ke tafiyar da na'urar, shi gaba ɗaya."

"A share da hotunan?"

"Da komai."

"Ka kwashe min su tukuna."

Ya sosa ƙeya. "Nan ne matsalar. Marigayi ya raba rumbun gida biyu. Gefe ɗaya na aiki, shi na kwashe. Ɗaya gefen ya sa wani tsari daban wanda ban iya ba, na'urata ma ba ta ganinsa. Sai dai a Kano, Titin Beirut. Can akwai waɗanda suka sani."

Ta juya ga Musbahu. "Ka ba ni kwana uku kawai."

"Kwana uku!" Ya yi 'yar dariya. "Jibi ake rufe rajistar jarrabawa. Yara arba'in na karɓi sunayensu, iyayensu na zarya a ƙofar nan. Tun da aka ƙara kuɗin mai ko cajin waya mutane sun rage kawowa. Da wannan aikin zan sayo wa Inna magani. Ki ce in bari saboda hoto?"

"Saboda ɗan'uwanka."

"Ɗan'uwana da hannunsa ya ƙone su. Hoto ba ya ƙara wa mamaci komai. Addu'a yake bukata."

"Kai kana da fuskarsa a madubi," in ji Asta. "Ni fa? Jiya na kwanta ina neman hancin Mansura a raina, na rasa."

Nata'ala ya sunkuyar da kai yana wasa da wani ƙusa. Sai ladan ya kira azahar, Musbahu ya miƙe da sauri kamar wanda aka kwance.

"Mu yi salla. In mun dawo a gama, aikin awa ɗaya ne. Yaya Asta, ki duba mana shagon."

Ta saurari takunsu har ya ɓace. Sannan ta tashi ta matsa gaban teburin, karo na farko. Ƙarafan biyu suna nan. Ɗaya ƙarami, ɗaya babba mai ɗan nauyi. Ta tuna yawan hotunan, sun fi sittin, har da na ranar da suka je gonar Kutama. Ta ɗauki babban ta tura cikin jaka, ta saki hijabi a kai.

A tasha kwandasta yana kiran Kabo, wani yana kiran Kano. Ba ta taɓa zuwa Kano ita kaɗai ba. Ta shiga ta Kano. A hanya ta yi ta tunanin abin da za a ce a gida: matar Malam ta saci kayan gado. Har hukuncin ɓarawo ta tuna. Ta dubi hannunta na dama, wanda ya yi wa Mansura wanka na ƙarshe, ta ƙara damƙe jakar.

Daga Kabuga ta hau A-daidaita-sahu. An idar da la'asar lokacin da ta sami shagon wani dattijo mai tabarau, wanda aka ce shi ne gwanin irin wannan aiki. Ta ba shi labari tun daga farko, bai katse ta ba. Ta kwance jaka ta ɗora ƙarfen a gabansa da hannu biyu.

Ya juya shi sau ɗaya. Ya ɗago ya dube ta.

"Hajiya, ina rumbun?"

"Ga shi nan."

"Wannan ai na saka faifai ne." Ya ɗauki wani siririn ƙarfe ya zura a wata 'yar kafa, sai wani faranti baƙi ya zaro kansa waje. "Kin gani? Ba ya ajiye komai. Rumbun ƙarami ne, bai kai wannan ba. Ba ki ga wani kusa da shi ba?"

Asta ta dubi farantin. Sai ƙura da ramin da ke tsakiya.

"Ƙarfe nawa yanzu?" ta tambaya.

"Biyar saura."

Ta tuna Musbahu ya ce aikin awa ɗaya ne. Ta jawo bencin da ke gefe ta zauna, ta tura masa ƙarfen da yatsa.

"Malam, don Allah ka ƙara dubawa da kyau."